Ƙumar da ta Tsayar da Ayari: Ƙamfar Ƙwayoyin Na'ura da Sayen Kayan Fasaha a N'Djamena

Tsakure

Daga ƙarshen 2020 zuwa 2023 duniya ta yi fama da ƙamfar ƙwayoyin silikon, waɗanda su ne ƙwaƙwalwar waya da kwamfuta da mota da inbata. Wannan takarda ta bi sawun ƙamfar tun daga masana'antun Taiwan da Japan da Amurka har gadar Ngueli. Ta nuna cewa a N'Djamena ƙamfar ta zo ne da fuska uku, wato dogon jira, tsadar dala da sauyin kaya, kuma ta fi cin ma'aikatu masu saye da takarda a kan 'yan kasuwa masu saye da ido.

Gabatarwa



Bari in fara da suna, kada mu yi ta magana kowa da abin da yake nufi. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan mai gyara ya buɗe masa waya ya ga wasu baƙaƙen abubuwa masu kusurwa huɗu manne da allon ciki, wani bai wuce ƙwayar gero ba, wani ya kai farcen yatsa. A kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano aisi ake ce musu. A nan kuwa da Faransanci ake kiran su, puce, wato ƙuma, sunan da muke kiran layin waya da shi ma. Ni a takardar nan ƙwaya zan riƙa cewa. Wata lissafi take yi, wata ajiya, wata kuma aikinta kawai ta raba wuta ta hana ta yin yawa.

Sunan Faransancin ya fi dacewa da labarinmu. Ƙuma ba ta cika ido, amma ta isa ta hana ƙato barci. Motar da aka gama ƙera ta tsaf tana iya yin watanni a filin masana'anta saboda rashin ƙwayar da kuɗinta bai kai na kwanon shinkafa ba.

Chadi ba ta yin ƙwaya, maƙwabtanta ma ba sa yi. Ko a nahiyar gaba ɗaya, abin da ya fi shahara shi ne masana'antar STMicroelectronics ta Bouskoura a Maroko, ita ma harhaɗawa da gwaji take yi. Mu masu saye ne zalla. Tambayar takardar ke nan: idan kaya suka yi ƙamfa a tushe, me ke samun mai sayen da ke can ƙarshen layi?

Yadda abin ya faro

A farkon 2020, da annobar korona ta rufe garuruwa, kamfanonin motoci suka zaci kasuwa ta mutu, suka soke odar ƙwayoyinsu. A daidai lokacin ma'aikata da 'yan makaranta suka koma aiki daga gida, aka yi rububin kwamfuta da kyamara da na'urar intanet. Masana'antu suka ba wa waɗannan gurbin. Da cinikin mota ya farfaɗo a ƙarshen shekarar, masu motoci suka dawo suka tarar an zauna a tabarmarsu. Ga kuma takunkumin Amurka a kan Huawei, wanda ya tsananta a watan Satumban 2020. Kafin ya fara aiki kamfanin ya yi ta jibge ƙwayoyi, abokan hamayyarsa ma suka bi sahu don tsoro.

Sai tsautsayi ya yi ta bin tsautsayi. A Fabrairun 2021 sanyi ya katse wuta a jihar Texas, masana'antun Samsung da NXP da Infineon na Austin suka tsaya. Ranar 19 ga Maris gobara ta tashi a masana'antar Renesas ta Naka a Japan, wadda ke cikin manyan masu yi wa motoci ƙwaya. Bayan kwana huɗu jirgin Ever Given ya gitta a mashigin Suwez, ya tare shi kusan mako guda. Taiwan, inda TSMC ke yin fiye da rabin ƙwayoyin da ake bayar da kwangilarsu a duniya, ta shiga fari mafi tsanani cikin sama da shekara 50, alhali wankin faifan silikon ruwa yake sha ba kaɗan ba. A tsakiyar shekarar korona ta rufe masana'antun harhaɗawa na Malesiya. A 2022 yaƙin Yukren ya tsayar da kamfanonin Mariupol da Odesa masu tace iskar neyon da ake amfani da ita wajen zana ƙwaya.

Me ya hana a ƙara yi? An ƙara. Ƙungiyar masu wannan sana'a ta Amurka ta ce a 2021 an sayar da ƙwaya tiriliyan 1.15, na dala biliyan 555.9, abin da ba a taɓa yi ba. Sai dai ƙwaya ba ƙosai ba ce da za a ƙara wuta ta soyu. Faifai ɗaya yana cin wata uku ko fiye kafin ya fito, sabuwar masana'anta kuma tana cin shekaru da dala biliyan goma zuwa ashirin. Shi ya sa jiran oda, wanda a da yake kusan mako 13, ya haura mako 26 a 2022. Ma'aikatar Kasuwanci ta Amurka ta bayyana a Janairun 2022 cewa ajiyar da ke hannun masu saye ta faɗo daga ta kwana 40 a 2019 zuwa ƙasa da ta kwana 5.

Tsohuwar ƙwaya ce ta ɓace

Akwai kuskuren da nake yawan ji a wurin ɗalibai, cewa ai rigimar ta masu iPhone ce. Gaskiya ne Apple ya ce ƙarancin kaya ya ja masa asarar cinikin kusan dala biliyan 6 a wata ukun da suka ƙare a Satumban 2021. Amma inda ƙamfar ta fi tsanani shi ne wajen tsofaffin ƙwayoyi masu araha, irin waɗanda ake bugawa a masana'antun da suka kwana biyu: masu daidaita wuta, masu sarrafa gilashin waya, da ƙananan masu ba da umarni. Ribarsu kaɗan ce, don haka an daɗe ba wanda ya zuba jari wajen faɗaɗa masana'antunsu. Da TSMC ya ƙara farashi a Agustan 2021, su ƙarin ya fi hawa, har kusan kashi 20 cikin 100.

To, waɗannan su ne namu. Su ne a cikin inbata da abin cajin sola da sitabilaiza, su ne a na'urar cirar kuɗi da katin banki da layin waya da katin shaida, su ne a firinta da wayar Itel ta mai shayi. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin goma ke da wutar lantarki, inda a babban birnin ma ake ɗauke ta a dawo da ita da ƙarfin da ta ga dama, inda zafin Afrilu ke wuce digiri 40 ga ƙurar hunturu, ƙwayar wuta ita ce ta farkon mutuwa. Muna cin irin wannan ƙwaya fiye da yadda girman kasuwarmu ya nuna, don muna ƙona ta da wuri.

Idan kaya suka yi kaɗan, masana'anta rabo take yi, kuma babba ake fara sallama. Har Jio na Indiya, da duk girmansa, sai da ya ɗage fitar da wayarsa mai araha daga Satumba zuwa Nuwamban 2021. Toyota ya rage kashi 40 cikin 100 na motocin da ya shirya ƙerawa a Satumban 2021, a Janairun 2022 kuma ya ba wa mutanen Japan haƙuri cewa mai son sabuwar Land Cruiser zai iya jiran shekara huɗu. Ba sai na gaya wa ɗan Chadi matsayin Toyota ba. Ƙasar da aka raɗa wa yaƙinta na 1987 sunan motar ta fi kowa sani. Idan ɗan Tokiyo zai jira haka, sai a ƙiyasta matsayin ƙungiyar agajin da ke son mota goma ta tura Abeche.

Hanya da kuɗi

Jiran masana'anta kowa ya sha shi. Namu na daban daga Duwala yake farawa. Tsakanin tashar jiragen ruwan da N'Djamena kusan kilomita 1,800 ne: jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, ko babbar mota tun daga bakin teku, a bi Garwa da Marwa zuwa Kuseri a haye Logone ta gadar Ngueli, ko a ratsa ta Touboro da Moundou. Kuɗin dakon kwantena mai ƙafa 40 a manyan hanyoyin teku, wanda kafin annoba yake wajen dala 1,500, ya wuce dala 10,000 a Satumban 2021. Kamfanonin jiragen suka karkata kwantenoninsu inda riba ta fi, wato tsakanin Sin da Amurka da Turai. Waya da ƙaramar kwamfuta suna iya biyo jirgin sama daga Dubai. Batir da inbata da babbar firinta dole su bi ƙasa.

Ɗaya hanyar tsohuwa ce, ta kakanninmu. Hausawan Fort-Lamy, wato N'Djamena ta yau, kamar yadda John Works ya nuna a littafinsa na 1976 kan Hausawan Chadi, da yawansu maniyyata ne da suka taso a ƙafa za su Makka suka yada zango, zangon ya zama gida. Hanyar da suka biyo, Kano zuwa Maiduguri zuwa Gamboru zuwa Fotokol zuwa Kuseri, har yau ita ke kawo caja da gilashi da batir na sari. Rikicin Boko Haram ya daɗe yana toshe ta, Nijeriya kuma ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Wato ƙamfar ta same mu hanyar kusa ma ba ta gama warkewa ba.

Sai kuɗi, kuma a ganina nan ne ciwon ya fi zurfi, ko da yake an fi yin shiru a kansa. Sefa ɗaure take da yuro, 655.957 kowane yuro ɗaya, ƙwaya kuwa da dala ake cinikinta. A Janairun 2021 dala tana wajen sefa 540. A ƙarshen Satumban 2022, da yuro ya faɗi ƙasa da dala, ta kai wajen 680. A ɗauki kwamfutar dala 600: da farko sefa 324,000, daga baya 408,000, ba tare da mai ita ya ƙara ko sisi ba. A kan wannan ne aka ɗora ƙarin masana'anta da na dako. Dokar canjin kuɗi ta ƙasashen CEMAC (ƙungiyar da Chadi ke ciki) da ta fara aiki a Maris 2019 ta kuma wajabta a bi da duk shigo da kayan da suka kai sefa miliyan 5 ta banki, da cikakkun takardu. Dokar tana da hujjarta, ta kare ajiyar babban bankin BEAC. Amma a lokacin da dillalin Dubai ke cewa farashin nan na kwana uku ne, kowane mako da takarda ta yi a kan tebur kuɗi ne.

Mai saye da takarda da mai saye da ido

A N'Djamena masu sayen kayan fasaha iri biyu ne. Na farko su ne ma'aikatun gwamnati, bankuna, kamfanonin waya irin su Airtel da Moov Africa, kamfanonin mai da ƙungiyoyin agaji. Su ba sa saye sai da takarda: a rubuta abin da ake so da sunansa da lambarsa, a nemi tayi, a zauna a tantance, a ba da kwangila a kan tsayayyen farashi, a kawo, kwamiti ya duba ya karɓa, sannan a biya. An gina tsarin ne don hana cuwa-cuwa, kuma an gina shi bisa zaton cewa kayan suna nan a kanti suna jira, farashinsu ba ya motsi. Ƙamfar ta rushe zato biyun a lokaci guda.

Na ga wannan da idona a inda nake aiki. Mun nemi na'urar rarraba intanet da 'yan akwatunan riƙe wuta. Wani ɗan kwangila ya ci, da alkawarin farashinsa zai tsaya wata uku. Kafin takarda ta gama zagaya ofisoshi ta je banki, wata ukun sun cika, samfurin da muka rubuta kuma an ce sai baɗi. Bawan Allah ya nemo wani samfurin, wanda masana suka ce ya ma fi namu. Kwamitin karɓa ya duba lambar kwali, ya duba lambar kwangila, ya ga ba su zo ɗaya ba, ya ƙi sa hannu. Ban ga laifinsu ba, don wanda ya sa hannu shi mai bincike zai kama. Kwalayen suka zauna a sito suna shan ƙura, ɗan kwangila yana biyan ruwan bashi, mu kuma muna aiki da intanet ɗin wayoyinmu. Daga ƙarshe wani ƙaramin ma'aikaci ya hau babur ya je kasuwa, ya dawo kafin la'asar da wata ta hannu a cikin leda, da ita muka ƙarasa shekarar. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: rabin jiran nan ba Taiwan ta jawo mana shi ba.

Na biyu shi ne ɗan kasuwa na Babbar Kasuwa da Dembe da kantunan titin Charles de Gaulle, da abokan cinikinsa: mai shagon buga takardu, mai kemis, mai tura kuɗi ta waya, mai makarantar kuɗi. Shi ba ruwansa da lamba. In babu HP akwai Dell, in babu sabuwa akwai ta gwanjo, in Tecno mai ƙwayar MediaTek ta yi tsada ga wata mai ƙwayar Unisoc. Kamfanin Transsion na Shenzhen, mai Tecno da Itel da Infinix, wanda ke riƙe da kusan rabin kasuwar wayar zamani a Afirka, shi ma haka yake yi a nasa matakin. Ɗan kasuwa yana da yaro ko ɗan uwa a Deira ta Dubai ko a Guangzhou. Hoto ta WhatsApp, a yi ciniki, a tura kafin alƙalami, kaya su taso. Amana ce takardarsa.

Bayansa kuma akwai mai gyara, wanda a ganina shi ne rumbun ajiyar ƙwaya na gaskiya a birnin nan. Ku tsaya a teburinsa ku gani. Ga kwali cike da matattun wayoyi, ba ya yar da ko ɗaya. An kawo masa wadda ta daina caji. Ya zaro gawar irinta, ya ɗora allon a kan katako, ya shafa man dalma, ya kunna na'urar hura iska mai zafi yana zagaya ƙwayar a hankali, hantsaki a ɗaya hannun. Da dalmar ta narke sai ya ɗauke ta cak, ya share gurbin mara lafiyar, ya dasa, ya duba da madubi, ya jona caja. Alamar batir ta fito. Yaron da ke koyon aiki yana gefe yana yi wa janareta addu'a kada ya mutu. Abin da kamfanonin duniya suka koma yi ala tilas a 2021, sake fasali da neman madadi, shi sana'arsa ke nan tun fil azal. Canon da kansa, a Janairun 2022, sai da ya fitar da kwanson tawada marasa ƙwaya, ya koya wa masu firintarsa yadda za su tsallake gargaɗin da ke cewa tawadar ba ta asali ba ce. Masu ɗurin tawada na kasuwarmu sun riga shi sanin wannan darasi.

Kada in yi wa kasuwa kirarin da ya wuce ta. Araha ba ta ado. Lokacin ƙamfa ne jabu ke samun shiga: tsohuwar ƙwaya a goge ta a sake buga mata lamba, ma'ajiyar da aka rubuta mata girman da ba ta da shi, inbatar da ke aiki lafiya har ranar da zafi ya kai zafi. Garanti kuwa iyakarsa bakin ƙofa. Mai shagon buga takardu zai iya jure wannan cacar. Banki ba zai ɗora asusun jama'a a kan na'urar da ba a san asalinta ba, asibiti ma haka. Shi ya sa ba na cewa ma'aikatu su koma saye a leda. Cewa nake tsarinsu ya koyi lanƙwasa.

Matakin Janairun 2022

A tsakiyar wannan hali, a Janairun 2022, Ministan Kuɗi Tahir Hamid Nguilin ya sa hannu kan dokar da ta yafe kuɗin fito da harajin shigo da wayoyi da kwamfutoci da na'urorin haɗa intanet na tsawon shekara biyar. Manufarta faɗaɗa amfani da intanet ce, ba maganin ƙamfa ba, amma ta faɗo a kan gaɓa. Wanda ya ce bai ga farashi ya sauko ba yana da gaskiyarsa, sai dai ya tuna a cikin watannin da suka biyo baya ne dala ta yi mafi yawan tashin da na ambata. Sauƙin da kwastan ya bayar, canji ya lashe wani kaso nasa. Yafiyar ta kuma rage ribar fasa-ƙwauri ta kogi, wanda shi ma alheri ne ga mai son kaya da rasit.

Abin da ya kamata ya sauya a takardar saye

A 2023 ƙamfar ta lafa, har kaya suka yi kwantai. Manyan ƙasashe suka ɗauki nasu darasi: Amurka ta ware dala biliyan 52.7 a dokar da aka sa wa hannu ranar 9 ga Agustan 2022, Tarayyar Turai ta yi tata ta yuro biliyan 43. Chadi ba ta cikin wannan tsere, kuma ɓata lokacin taro ne a tsaya ana mafarkin masana'antar ƙwaya a ƙasar da ke neman wutar kunna firji. Abin da ke hannunmu alƙalami ne. Takardar neman tayi ta faɗi aikin da ake so na'ura ta yi da mafi ƙarancin ƙarfinta, ta ba kwamiti ikon karɓar makamanciya idan masani ya tabbatar. Kwangilar da za ta wuce wata uku ta tanadi yadda za a raba nauyin canjin dala, in ba haka ba 'yan kwangilar kirki za su janye a bar fili ga masu kawo jabu. A sayi kayan gyara tare da na'ura. A sa sitabilaiza da sanyaya ɗaki a cikin kasafin tun farko, don kare ƙwayar da ke hannu ya fi sauƙi a kan neman wata. Mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka. Wanda ke da kilomita 1,800 tsakaninsa da teku ba zai yi oda a watan da yake buƙata ba.

Ba don tarihi kawai nake faɗin wannan ba. Tun ƙarshen 2025 wata ƙamfar ta kunno kai, wannan karon a ƙwayoyin ajiya. Samsung da SK Hynix da Micron, waɗanda su uku ke riƙe da kusan duk kasuwar, sun karkata ga manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira masu biya da tsoka, har Micron ya sanar a Disamban 2025 cewa zai daina sayar da kayansa na Crucial ga ɗaiɗaikun masu saye. Waya mai araha ita ta fi jin irin wannan, don kuɗin ma'ajiya babban kaso ne na kuɗinta. A gefe guda Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma ba ya hawa kwamfutar da ba ta da wata ƙwayar tsaro ta musamman. Ofisoshin Turai da Amurka suna sauke tsofaffin kwamfutocinsu, kuma mun san inda kwantenar gwanjo ke nufa. Za su zo da kyan gani da araha, a daidai lokacin da sabuwa ke tsada, mai sayen da bai tambaya ba zai kwashi abin da ba a ƙara yi masa rigakafi.

Yafiyar harajin 2022 kuma shekara biyar aka ɗiba mata, za ta cika a farkon 2027. Ina roƙon wakilan Ma'aikatar Kuɗi da na Majalisar 'Yan Kasuwa da ke zauren nan su buɗe maganar sabunta ta tun yanzu, a kuma duba shigar da kayan gyara, gilashi da batir da ƙwaya da dalma, cikin jerin abin da aka yafe.